Hayaƙin Taba da Haƙƙin Jama'a: Darasi Daga Mancesta da Bamingam



Godiya ta tabbata ga Allah (S.W.T.) wanda Ya halicci iska, Ya ba da ita kyauta ga bayinSa, mai kuɗi da talaka, sarki da bafade, babu wanda aka taɓa karɓar ko kwabo a hannunsa saboda numfashi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasan zango, maza da mata, nasiharmu a wannan fitowa a kan hayaƙin taba take. Mun sani wasu za su ce ai wa'azin taba an sha yin sa. To, ku dakata tukuna. Yawancin wa'azin da muke ji mai shan yake fuskanta: kana ƙona kuɗinka, kana ƙona huhunka. Shi kuwa amsarsa a shirye take: kuɗina ne, huhuna ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Maganarmu ta yau a kan wanda ke zaune kusa da shi ce, wato yaron shago, da mai sayar da abinci, da direba, da yaron mota, da mace mai juna biyu, da jaririn da ke goye a baya. Waɗannan ba su sayi taba ba, ba su kunna ba, amma ga shi suna sha.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, hana shan taba a wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a haƙƙi ne na bayin Allah, kuma wajibi ne hukuma ta tsare shi da doka, Musulmi kuma ya kasance a sahun gaba wajen goyon bayanta. Za mu fara da hujjojin Shari'a, sannan mu duba abin da ya faru a Mancesta da Bamingam, garuruwa biyu na ƙasar Ingila inda wasu daga cikin 'yan'uwanmu 'yan zango suke zaune suna neman halaliyarsu.

Saɓanin malamai, da abin da ba a saɓa a kansa ba

Taba ba a san ta ba a zamanin Manzon Allah (S.A.W.). Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Maroko da Tumbuktu wajen ƙarshen ƙarni na 16. Da zuwanta malamai suka rabu. Shaihu Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, ya yi rubutu yana ganin halascinta, domin a ganinsa ba ta gusar da hankali. Shaihu Ibrahim Laƙƙani na Masar, Bamalike kamarsa kuma ɗan zamaninsa, ya yi rubutu yana hana ta. Ɗariƙar Tijjaniyya, wadda iyayenmu da yawa a zango suke cikinta, ta hana mabiyanta taba tun asali. Da likitoci suka bayyana cutarta a fili, sai manyan malamai na wannan zamani suka karkata ga haramci. A shekarar 2000 Muftin Masar, Shaihu Nasr Farid Wasil, ya ba da fatawar cewa haramun ce. A 2009 Majalisar Malaman Indunusiya ta yanke cewa haramun ne a sha ta a wuraren jama'a, haka kuma haramun ce ga yara da mata masu ciki.

Wani saurayi zai ce: tunda malamai sun saɓa, ni na ɗauki maganar masu cewa makaruhi ce. To ɗan'uwa, mu ɗauka mun bar maka wannan. Saɓanin da aka yi a kan mutum ya sha da bakinsa ne. Shin ka taɓa jin malami guda, na da ko na yanzu, wanda ya halatta maka ka cutar da wanda ke zaune kusa da kai? Nan babu saɓani. Wannan babin haƙƙin bayi ne, kuma kun san haƙƙin bayi tuba kaɗai ba ta kankare shi sai mai haƙƙin ya yafe.

Hujjoji daga Shari'a

Na ɗaya, ƙa'idar hana cuta da cutarwa. Hadisinta yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sunan na Ibnu Majah, kuma shi ne na 32 a cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi da muka haddace tun muna makarantar Islamiyya. A kansa malaman fiƙihu suka gina ƙa'idar cewa duk inda cuta ta tabbata, dole a gusar da ita.

Na biyu, hukuncin tafarnuwa da albasa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana wanda ya ci su ɗanye ya kusanci masallaci, aka kuma bayyana dalili, cewa abin da ke cutar da mutane yana cutar da mala'iku. Sayyidina Umar (R.A.) ya faɗa a cikin huɗubarsa, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, cewa ya ga ana fitar da mai wannan wari daga masallaci har zuwa Baƙi'a bisa umarnin Manzon Allah. Ku lura da kyau: tafarnuwa halal ce, albasa halal ce, warinsu kuma bai taɓa kashe kowa ba. Duk da haka an raba mai cin su da taron jama'a har sai warin ya gushe. To ina ga hayaƙin da ke da wari, kuma yake kisa? Wannan shi ne abin da malaman usulu ke kira ƙiyasin aula, wato idan an hana ƙarami, babba ya fi cancantar hani.

Na uku, misalin jirgin ruwa da Nu'umanu ɗan Bashir (R.A.) ya ruwaito a Sahihul Buhari. Mutane sun raba wuraren zama a jirgi, sai na ƙasa suka yi niyyar huda nasu ɓangaren don su ɗebi ruwa. Idan na sama suka ƙyale su, kowa ya nutse, idan suka riƙe hannunsu, kowa ya tsira. Ɗakin da mutum goma ke aiki a ciki jirgi guda ne. Kujerar mai shan taba tasa ce, amma iskar ɗakin ta mutum goma ce.

Na huɗu, fiƙihun mazhabarmu. Wanda ya yi karatu har ya kai Muhtasar na Shaihu Halil ya san an ambaci cewa alƙali yana hukunci da hana hayaƙin da ke cutar da maƙwabta, irin na gidan wanka, da hana wari irin na majema. Littattafan hisba, kamar na Shaizari, sun umarci masu gasa burodi su ɗaga rufin shagunansu su buɗe wa hayaƙi mafita don kada mutane su cutu. Ashe tun ɗaruruwan shekaru hukumar Musulunci take sa ido a kan hayaƙi a kasuwa da unguwa. Saboda haka wanda ya ce dokar hana shan taba a wurin jama'a al'adar Turawa ce, bai buɗe littafin gidansu ba.

Abin da likitoci suka gano

A shekarar 1950 likitoci biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka wallafa binciken da ya nuna alaƙar taba da sankarar huhu. A 1981 wani likita a Japan, Takeshi Hirayama, ya nuna cewa matan da ba su shan taba amma mazajensu na sha sun fi sauran mata kamuwa da wannan sankara. Hausawa sun riga sun faɗa: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo sankara. Hayaƙin da ke tashi daga bakin karan sigari, wanda na kusa ke shaƙa, bai ma bi ta matatar audugar da ke gindin karan ba. Yana sa jini ya yi saurin daskarewa, yana lalata jijiyoyin zuciya, yana tayar wa yara asma da ciwon kunne, yana sa a haifi jariri ba nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan guda daga cikinsu ba masu sha ba ne, shaƙa kawai suka yi. Ta kuma ce babu wani gwargwadon wannan hayaƙi da za a ce ba ya cutarwa.

Mutanen Ingila suna tuna wani mutum mai suna Roy Castle, mai busa ƙaho kuma sananne a talabijin. Ba mai shan taba ba ne, amma ya yi shekaru yana sana'arsa a gidajen rawa cike da hayaƙi. Sankarar huhu ta kashe shi a 1994, kuma kafin rasuwarsa ya danganta ciwon da hayaƙin da ya shaƙa a wurin aiki. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2005 ya ƙiyasta cewa shaƙar hayaƙi a wurin aiki na kashe mutum wajen 600 a shekara a ƙasar. Mutum ya fita neman abincin iyalinsa, ya dawo da ajalinsa a ƙirji saboda jin daɗin wani. Inna lillahi!

Yadda dokar ta zo Mancesta da Bamingam

Mancesta da Bamingam garuruwan masana'antu ne da leburori, kuma a Ingila talakawa da masu aikin ƙarfi su suka fi shan taba. Mancesta ta daɗe tana cikin garuruwan da taba ta fi yi wa ɓarna a duk ƙasar. Garuruwa ne kuma na Musulmi masu yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen Bamingam Musulmi ne, a Mancesta kuwa kashi 22. Kafin doka, direban tasi a Small Heath ko mai raba abinci a Rusholme ba shi da bakin hana baƙo kunna sigari. In ya yi magana, mai gida ya ce masa ciniki ya fi huhunka.

Ƙasar Ailan ce ta fara hana shan taba a dukan wuraren aiki, a watan Maris 2004. Sikotilan ta bi a watan Maris 2006. A Ingila da farko gwamnati ta so ta yi rabi da rabi, ta ware mashayar da ba a sayar da abinci a cikinta da kulob na 'yan ƙungiya. Sai aka yi tambaya mai nauyi: ma'aikacin da ke waɗannan wurare huhunsa dabam ne da na sauran? Ranar 14 ga Fabrairu 2006 'yan majalisa suka kaɗa ƙuri'a, 384 suka goyi bayan hani gaba ɗaya, 184 suka ƙi. Dokar Lafiya ta 2006 ta fara aiki a Ingila ranar 1 ga Yuli 2007.

Ga abin da dokar ta ƙunsa a taƙaice. Duk wurin aiki da duk wurin jama'a da ke rufe, ko mafi yawansa ke rufe, ba a shan taba a ciki: ofis, masana'anta, gidan abinci, shago, bas, jirgin ƙasa, tasi. An soke ɗakin masu shan taba a cikin gini. Rumfar da za a yarda a sha a ƙarƙashinta sai aƙalla rabin bangonta a buɗe yake. Wanda aka kama yana sha zai biya tarar fam 50, in an kai kotu tana iya kaiwa fam 200. Mai wurin da ya ƙyale ana sha kuwa tararsa na iya kaiwa fam 2,500. Ku dubi hikimar da ke nan: nauyi mafi girma an ɗora shi a kan mai wuri, domin shi ke da iko, yaron aiki ba shi da shi. Wannan ya yi daidai da abin da muka koya, cewa kowane shugaba abin tambaya ne game da waɗanda ke ƙarƙashinsa.

An yi ta hasashen cewa mutane ba za su bi ba. Amma rahoton gwamnati bayan shekara guda ya nuna kashi 98 cikin 100 na wuraren da aka duba suna bin doka. Masu bincike a Jami'ar Bath sun gano cewa a shekarar farko an samu ragin mutum 1,200 daga masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya a Ingila. Yaran da ake kwantarwa saboda asma sun ragu da fiye da 6,000 cikin shekara uku na farko. An ji tsoron kada masu sha su koma gida su turnuƙe 'ya'yansu, sai ga shi gidajen da ba a shan taba a ciki ƙaruwa suka yi, domin wanda ya saba fita waje a wurin aiki kunya takan hana shi busa wa ɗansa. A watan Oktoba 2015 aka ƙara hana shan taba a mota idan akwai wanda bai kai shekara 18 ba a ciki. A 1974 kusan kashi 45 cikin 100 na manyan Birtaniya suna shan taba, a 2023 sun koma wajen kashi 12. Haraji da hana talla da asibitocin taimaka wa masu son bari duk suna da rabonsu a wannan, dokar 2007 kuwa ita ta sauya abin da jama'a ke ɗauka daidai ne a yi a gaban mutane.

Mancesta ba ta tsaya nan ba. A 2016 likitocinta suka fara kai motocin ɗaukar hoton huhu bakin manyan kantuna a unguwannin talakawa, don a gano sankara tun tana ƙarama. A 2017 hukumomin yankin suka buɗe shirin raba yankin da taba. Zuwa 2021 majalisar garin tana cikin 'yan ƙalilan a Ingila da suka hana shan taba a kujerun da gidajen abinci ke jerawa a gefen titi.

Inda abin ya zama abin kunya gare mu

Ya ku 'yan'uwa, gaskiya ɗaci gare ta, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A waɗannan garuruwa biyu, wuraren da suka fi ba jami'an lafiya wahala a kan wannan doka sun haɗa da gidajen shisha. Titin Wilmslow a unguwar Rusholme ta Mancesta, wanda ya yi suna da gidajen abincin mutanen Asiya, ya cika da su. Haka wasu unguwannin Bamingam, irin su Digbeth. Majalisun garuruwan biyu sun sha gurfanar da masu irin waɗannan gidaje a kotu saboda ana sha a rufaffen ɗaki. Kuma da yawa daga masu zama a ciki 'ya'yan Musulmi ne, waɗanda suka guje wa mashaya saboda tsoron Allah, suka faɗa ɗakin hayaƙi suna ganin sun tsira.

Shaiɗan ya ƙawata shisha da ƙamshin tufa da na'ana'a, aka kuma yaɗa cewa ruwan tulun yana tace dafin. Ƙarya ce. Ruwa sanyaya hayaƙin yake yi, sanyin kuma shi ke sa mutum ya zuƙa da yawa ya kai shi can ƙasan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama guda na kamar awa ɗaya mai shan shisha na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga kuma gawayin da ke kai, wanda ke fitar da iskar nan mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Masu bincike na Jami'ar Bamingam sun auna iskar gidajen shisha na garin, sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna ƙurar hayaƙi da iskar gawayi a ciki sun ninka na waje sau da yawa.

Yanzu ku tuna da yaron da ke zagayawa da garwashi daga tebur zuwa tebur tun magariba har tsakar dare. Mai sha awa ɗaya zai yi ya tafi, shi kuwa kullum yana ciki. Sau da yawa baƙo ne, ɗalibi ko sabon zuwa, wanda ba shi da wata hanyar biyan kuɗin haya. Mai yiwuwa ɗan Nima ne ko ɗan Aboabo, wanda mahaifiyarsa ke jiran ɗan abin da zai aiko ƙarshen wata. Buhari da Muslim sun ruwaito misalin abokin banza da mai hura zugar maƙera, wanda in bai ƙona maka tufa ba zai bar ka da wari. Mu ji tsoron Allah kada mu zama mu ne masu zugar. Kuma muna kira ga 'yan'uwanmu mazauna can: wanda ya shiga ƙasa da amana, wajibi ne ya kiyaye dokarta matuƙar ba ta umarce shi da saɓo ba, balle dokar da ta dace da Shari'arsa.

To, mu fa a zango?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa mu ma muna da doka ba. Gana tana cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, wadda ta fara aiki a 2005. A 2012 majalisa ta zartar da Dokar Lafiyar Jama'a mai lamba 851, wadda ta hana shan taba a wuraren jama'a da wuraren aiki, ta hana tallarta, ta kuma hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. A 2016 aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ce ke da alhakin sa ido. Nijeriya ma ta yi tata dokar a 2015.

Amma akwai rauni guda biyu. Na farko, dokarmu ta bar ƙofar keɓe wurin masu sha. Darasin Ingila ya nuna hayaƙi bai san iyaka ba. Keɓe kusurwar masu sha a ɗaki guda tamkar zuba gishiri ne a gefe ɗaya na tukunyar miya a ce ɗaya gefen ba zai ji ba. Na biyu, doka a takarda ba ta tsare huhun kowa sai an tashe ta. Ku duba tashoshin mota, da rumfunan kallon ƙwallo, da majalisun shayi inda samari ke kwana suna dafa attaya. Ku duba yadda shisha ta shigo bukukuwan aure da na suna a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Asawase. Binciken da aka yi a makarantun Gana a 2017 ya nuna 'yan mata ma sun fi samari shan shisha. Ƙasashen Ruwanda da Kenya tun a 2017 suka hana ta gaba ɗaya. Gidajenmu na zango kuma kun san yadda suke: tsakar gida ɗaya, ɗakuna a manne, taga na kallon taga. Mutum guda ya kunna, gida goma sun sha.

Amsa ga masu jayayya

Wani zai ce 'yancina ne. Muna cewa doka ba ta ƙwace maka taba ba, waje kawai ta ce ka fita da ita. Fitarka ta minti biyar ce, ciwon da za ka bar wa wani na iya zama na har abada.

Wani zai ce wanda bai so ya tashi ya bar wurin. Ina yaron shago zai tafi? Ina jaririn da ke goye zai tafi? Wanda ya kawo cuta shi ke tashi da ita.

Wani zai ce ciniki zai mutu. Gidajen abinci na Mancesta da Bamingam suna nan suna ciniki bayan shekaru da doka. Ko da ma an yi asara, malamai sun ce tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma tsare rai yana gaba da tsare dukiya a cikin manufofin Shari'a.

Wani kuma zai ce wa'azi ya isa, me ya kawo hukuma? Likitocin Ingila sun fi shekara 50 suna faɗakarwa kafin 2007, amma ma'aikaci bai samu iska mai tsabta ba sai ranar da doka ta tsaya masa. Mai tsoron Allah nasiha ta ishe shi, wanda bai ji nasiha ba tara yake ji. Ita Shari'a da alƙali da mai hisba ta zo, ba ta tsaya ga mai wa'azi kaɗai ba.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, kowace ƙungiyar matasa ta yanke cewa ba a shan taba ko shisha a taronta, da wasanta, da bikin ɗan ƙungiya, da harabar masallaci da makaranta.

Na biyu, duk mai shago, ko tela, ko mai aski, ko mai gareji, ko direba a cikinmu ya liƙa sanarwa a wurinsa, ya kuma tsaya a kanta. Yaran da ke koyon sana'a a hannunka amana ce.

Na uku, mu je wurin limamanmu da sarakunan zango cikin ladabi, mu roƙe su su yi magana a huɗuba da majalisa, mu kuma tunkari wakilanmu a majalisar gunduma su nemi a aiwatar da doka ta 851, a kuma toshe ƙofar keɓe wurin masu sha a cikin gini.

Na huɗu, kada wanda ya sake aiken yaro sayen sigari, ko da kara ɗaya ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, mu tausaya wa ɗan'uwan da taba ta kama. Sinadarin nikotin yana ɗaure mutum ɗauri mai tsanani, zagi da gori ba su kwance shi. Hayaƙin muke kora daga cikin jama'a, shi kuwa ɗan'uwanmu ne, mu raka shi asibiti, mu yi masa addu'a. Kai kuma da kake sha, ka iya haƙura da ita tun daga alfijir har faɗuwar rana wata guda cur a Ramadan, to wanda Ya ba ka wannan ƙarfi Yana nan bayan Salla. Kafin Allah Ya yaye maka, ka nisantar da ita daga matarka da 'ya'yanka da abokan aikinka, kada ka zo ranar hisabi mutanen da ba ka ma san sunansu ba suna bin ka bashin lafiyarsu.

Allah Ya ba mu ikon kame cutarmu daga bayinSa. Allah Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare 'yan'uwanmu da ke Mancesta da Bamingam da sauran ƙasashen baƙunta, Ya shiryi shugabanninmu ga abin da zai amfani talakawa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.